Sa Hannun Lorene

Da zarar watan Janairu ya fara gangarawa, Harlan Kuzma zai kama zarya tsakanin ƙofar gidansa da akwatin wasiƙu, kamar wanda aka yi wa alkawarin gado. Abin da yake jira kuwa ba mai marmarinsa a garin nan sai shi. Takardar nan ce da ƙaramar hukuma ke aiko wa ma'aikatanta, mai nuna abin da suka samu a shekara da abin da aka yanke musu na haraji. Abokan aikinsa a garejin motocin ture ƙanƙara, in tasu ta zo, tsaki suke ja su cusa ta a aljihun mota sai wa'adi ya matso. Harlan kuwa sai ya goge hannu a jikin wando kafin ya taɓa tasa. Ranar da ta iso, ranar ce yake da hujjar ɗaga waya ya kira matarsa.

Matarsa ce har gobe, duk abin da 'yan gulmar coci za su ce. Shekara biyar ke nan da Lorene ta ɗauki 'yarsu Junie suka tafi Marietta, can kudu a bakin kogi, don ta yi jinyar mahaifiyarta. Da farko cewa aka yi na 'yan watanni ne. Tsohuwar ta ja fiye da shekara kafin ta cika. Harlan ya je jana'iza da baƙar kwat ɗinsa, ya ɗauki akwatin gawa tare da 'yan'uwan Lorene maza, ya wanke kwanuka bayan baƙi sun watse. Da safe ya tsaya a bakin ƙofa da makullin mota a hannu. Lorene ta ce masa an yi mata tayin aiki a kicin ɗin wata makarantar firamare, Junie kuma ta yi ƙawaye a unguwa. Ta faɗi haka tana kallon tsakiyar idonsa. Shi kuma ya ce ai aikin makaranta aiki ne mai kyau, ga hutu, ga inshorar lafiya. Ya shiga mota ya kamo hanyar arewa shi kaɗai, yana kuka har ya wuce Canton, abin da Lorene ba ta taɓa sani ba.

Ba faɗa, ba kotu, ba wanda ya taɓa furta kalmar rabuwa. Ni dai a ganina da ma sun yi faɗan, ko da jifan juna da tukwane ne, da kowa ya san matsayinsa. Amma Harlan mutum ne da in ka ba shi zaɓi tsakanin ya kwashe ƙanƙarar gari guda da hannu ko ya ce wa mace ta dawo gida, tambayarka zai yi ina shebur. Junie takan zo masa hutu a motar haya, ta kawo masa labarin uwarta tsinke-tsinke, shi ma sai ya yi kamar ba tambaya yake ba.

Abin da ya rage a tsakaninsu takarda ce guda. A wurin gwamnati, duk wanda ranar ƙarshe ta Disamba ta riske shi da aure mai aure ne, ko da ɗaya na gabas ɗaya na yamma. In ma'aurata sun so, su haɗa harajinsu a takarda ɗaya. In sun so, kowa ya cike tasa. In an haɗa kuwa, dole sai hannu biyu. Mis Odessa Pruitt, wadda take yi musu lissafin haraji a falon gidanta tun shekarar da suka yi aure, ba ta yarda da sa hannu daga nesa ba. Cewa take ita sai ta ga mutum, ta ga biro, ta ga tawada ta bushe. Albarkacin taurin kan wannan tsohuwa, kowace shekara, wata Asabar a cikin Maris, Lorene takan tuƙo tun daga bakin kogi har garinsu na bakin tabki, ta zauna kusa da mijinta a kujera mai zaman mutum biyu, ta sa hannu a ƙarƙashin nasa. Daga nan su je shagon Benny su ci fanke su sha kofi, sannan ta juya kafin duhu ya kama ta a hanya.

Harlan ba ya ruɗin kansa, ko kuma haka yake zato. Tun shekarar farko ya ce wa Odessa duk rarar da gwamnati za ta mayar musu a tura ta asusun Lorene, ko sisi kada a bar masa. Saboda haka a lissafinsa ya san abin da ke kawo ta: mace mai albashin kicin, ga 'ya budurwa a gabanta, ba za ta ƙi wannan ba. Abin yana yi masa ciwo don ya so a ce dominsa take zuwa. Amma ya haƙura da hakan, tunda ko ba komai akwai abu ɗaya da yake yi mata wanda ba wani namijin da zai yi.

Shekara guda yakan yi yana tara mata labari. In yana cikin motar ture ƙanƙara da asuba, titi fayau ba kowa sai fitilarsa, yakan yi ta shirya yadda zai ba ta. Bishiyar maƙwabta ta faɗi a kan garejinsu ta murƙushe jirgin ruwan da mijin yake taƙama da shi. Fasto ya sa sababbin haƙora, yanzu in yana wa'azi har fito yake yi. Furannin da ta shuka a gindin taga sun sake fitowa ba tare da kowa ya kula da su ba, ko da yake wannan ƙarya ce, shi yake rufe su da buhu duk lokacin sanyi. Yakan ji muryarta tana dariya a kujerar gefe, irin dariyar da take yi tana dafe ƙirji. Yana kewarta ƙwarai, kewar da ba ta ragu ba ko kaɗan, sai dai ta saba da shi kamar ciwon gwiwarsa. Amma in Asabar ɗin ta zo, ya gan ta zaune gabansa tana zuba zuma a fanke, duk labaran sai su tsere, ya ɓuge da tambayarta yaushe rabon da ta canza baƙin mai.

Bana sai al'amari ya zo da sauyi. Odessa ta zame a banɗaki kafin Kirsimeti ta karya ƙugu, babbar 'yarta ta zo ta tattara ta zuwa Arizona inda ba sanyi. Surukinta Curtis Bellamy, mijin ƙaramar 'yar, shi ya gaji falon da mutanen da ke zuwa falon. Curtis ba mugu ba ne. Mutum ne mai fara'a, mai son taimako, irin wanda zai tsallakar da kai titin da ba ka yi niyyar tsallakawa ba. Shi ya fara kiran Harlan a waya, yana murna kamar mai albishir.

"Mista Kuzma, zamani ya kawo mana sauƙi. Ba sai Misis Kuzma ta sha wannan doguwar hanya ba. Zan tura mata a waya, ta sa hannu da ɗan yatsa tana zaune a kicin ɗinta, an gama."

Harlan ya yi gyaran murya ya ce ai matarsa ba ta yarda da irin waɗannan abubuwa ba, ta fi son biro. Da ya ajiye wayar ya daɗe yana kallon ta, sannan ya kira Lorene ya ce mata sabon mutumin ya nace sai ya gan su su biyu, tunda wannan ne karonsa na farko da su. Ƙarya biyu ke nan kafin abincin rana, daga bakin mutumin da ya taɓa komawa kanti a cikin dusar ƙanƙara don ya mayar da canjin da aka ba shi fiye da kima. Lorene ta ce to, Asabar ta biyu a Maris ta yi mata.

Ranar Juma'a ya yi aski, ya wanke mota duk da gishirin titi zai ɓata ta kafin ya kai kwanar layi. Asabar da sassafe ya riga ya isa ƙofar gidan Odessa, ya share matakala ba wanda ya sa shi, ya koma mota ya zauna yana kallon madubi. Da ƙaramar motarta mai ruwan toka ta shawo kwana, sai da ya riƙe sitiyari. Ta fito da koriyar rigar sanyin nan dai da ya sani tun Junie na goye. Ta rage gashinta, furfura ta ƙaru a gefen kunne, kuma ta daina ɓoye ta. Ya fito ya nufe ta, bakinsa cike da magana, ya tsaya ya duƙa ya ce tayarta ta baya tana son iska.

"Ni ma lafiyata ƙalau, Harlan, na gode da tambaya," in ji Lorene.

Ta faɗa da murmushi, ta miƙa hannu ta gyara masa wuyan riga da ya lanƙwashe, kamar jiya suka rabu. Wurin da yatsunta suka taɓa ya daɗe da ɗumi.

Curtis ya sake wa falon fenti, ya kwashe hotunan jikokin Odessa ya kafa ƙatuwar kwamfuta. Allah ya sa bai taɓa kujerar mai zaman mutum biyu ba. Suka zauna, kafaɗarta tana gogar tasa. Harlan ya miƙa takardunsa, Lorene ta zaro nata daga jaka, sannan Harlan ya yunƙura zai tashi. Al'ada ce: duk shekara, da an miƙa takardu, Odessa takan ce masa ya taimaka ya sauka ɗakin ƙasa ya duba mata tukunyar ɗumama gida, tana jin tana wani ƙara. Yakan sauka da tocila ya ƙwanƙwasa nan ya ƙwanƙwasa can, ya dawo ya ce ya ɗan ɗaure wani abu. Curtis ya yi dariya ya ce ya zauna abinsa, an sa sabuwar tukunya tun watan jiya.

Curtis ya shiga danne-danne yana surutu, daga labarin ƙugun surukarsa zuwa tsadar man ɗumama gida. Can sai ya matso da fuskarsa jikin allo, ya ja baya, ya dubi Lorene.

"Misis Kuzma, ki yi haƙuri da tambaya. Gidan Marietta ke kike riƙe da shi? Ke ke biyan wuta da ruwa, ke ke ciyar da yarinyar?"

Ta ce ita ce.

"Mista Kuzma kuma bai kwana a gidan ba, ko sau ɗaya, a rabin shekarar nan na ƙarshe?"

Harlan ya kafa wa takalminsa ido. Lorene ta ce bai kwana ba.

Curtis ya tafa hannu, ya juyo musu da allon. Ya shiga bayani da zumuɗin wanda ya tsinci abu a hanya. Ya ce mace a irin matsayinta, doka na kallon ta a matsayin mai riƙe da gida ita kaɗai, ko da auren na nan. Akwai tallafin da ake ba masu ƙaramin albashi da ke da ɗa a hannu, amma da zarar an haɗa albashinta da na mijinta a takarda ɗaya, sai ta fi ƙarfin tallafin, ya wuce ta. In ta cike tata ita kaɗai, abin da za a ba ta ya ninka rarar da take karɓa yanzu, har da ɗori. Harlan bai iya karanta irin waɗannan layuka ba, amma ko shi ya ga wace lamba ta fi wata tsawo.

"Kuma ba bana kaɗai ba," in ji Curtis yana girgiza kai. "Bara ma haka, bara waccan ma haka. Ban san yadda aka yi wannan ya wuce surukata ba. Tsufa dai ba daɗi."

"Kada ka ɗora wa Odessa," in ji Lorene. Ba ta ɗaga murya ba. "Ba abin da ya wuce ta. Duk shekara sai ta gaya mini."

Harlan ya juyo gaba ɗaya. "Yaushe?"

"Lokacin da kake ƙasa da tocila. Ba abin da ya taɓa samun tukunyar nan, Harlan."

Curtis ya sha jinin jikinsa, ya fara gyara takardun da ba su karkace ba.

To, duk mai hankali da ya ji wannan magana ya san abin da aka gaya masa. Mace ta yi shekaru tana barin kuɗin da take matuƙar buƙata, tana ƙona mai, tana cin hanya a kan titi mai santsi, don ta zauna kusa da kai ta ci fanke. Ai ko dutse aka gaya wa haka ya motsa. Harlan ma ya ji, kada a yi masa ƙazafi. Daɗi ya taso masa, irin wanda bai ji ba tun ranar da aka haifi Junie. Amma kafin daɗin ya zauna, kunya ta riga ta danne shi. Ya dubi koriyar rigar, ya ga inda bakin hannunta ya soma zarewa. Ya tuna Junie ta taɓa cewa an ɗage gyaran haƙoranta zuwa wata shekara. Ya tuna yadda yake fita daga falon nan kowace shekara yana ɗaga kafaɗa, wai shi mai kyauta, alhali ashe daga bakinsu yake cirewa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da ya shige.

"A raba," in ji shi. "Ka yi mata tata yadda za ta sami haƙƙinta duka."

Curtis ya ce to amma ya sani, shi nasa harajin zai hau, don mai aure da ya cike shi kaɗai ba a raga masa. Harlan ya ce ya hau ɗin. Har wani sanyi ya ji da aka ce zai biya, kamar wanda aka yanke wa tarar da ya san ya cancanta.

Lorene ta juyo ta dube shi. "Abin da kake so ke nan?"

"Abin da ya dace ke nan."

"Ban tambaye ka abin da ya dace ba."

Ya buɗe baki. Kalmomin suna nan, ba su da yawa, ba su da wuya, yaro ɗan shekara uku ma yana faɗin su. Amma Curtis na zaune ya zuba musu ido, ga allon nan da lambarsa mai tsawo, ga bakin hannun rigar. Wane irin namiji ne zai ce wa matarsa ta ci gaba da asara don shi ya sami abokin shan kofi? Harlan ya rufe bakinsa. Lorene ta jira shi, ta ba shi lokaci fiye da yadda ya cancanta, sannan ta juya wurin Curtis ta ce ya raba.

Aikin bai ɗau lokaci ba. Takarda biyu suka fito daga injin, kowace da suna ɗaya. Harlan ya sa hannu a tasa, ya ga layin da ke ƙarƙashin sunansa fari fat. Curtis, da yake neman abin da zai cike shirun da shi, ya ce wani alherin ma shi ne daga yanzu ba sai sun haɗu ba, kowa zai iya gama nasa daga gida. Da ya ga ba wanda ya yi murna, sai ya ƙara da cewa in ma sun sake shawara, doka ta ba da shekara uku: waɗanda suka raba suna iya dawowa su haɗa, muddin su biyun suka sa hannu. Lorene ta ninke takardarta ta sa a jaka, ta yi masa godiya, ta ce ya gai da Odessa.

A waje iska ta taso daga tabki, mai yanka kunne. Harlan ya bi ta a baya har motarta. Ya ce ko za su wuce shagon Benny, ya ji an ce sun sami sabon mai dafa abinci. Ta ce a'a, bana dai ta ƙoshi. Ta buɗe ƙofa, ta jefa jaka a kujera, amma ba ta shiga ba. Ta tsaya da hannu ɗaya a kan ƙofar, iska na kaɗa gajeren gashinta.

"Curtis ya aiko mini da saƙo tun Janairu," in ji ta. "Ya ce in ina so in sa hannu daga kicin ɗina. Sai ga ka a waya kana cewa mutumin ya nace sai ya gan mu."

Kunnuwan Harlan suka yi zafi duk da sanyin.

"Ka san abin da na yi da na ajiye wayar? Rawa na taka a kicin, ni kaɗai, da cokali a hannu. Na ce yau Harlan Kuzma ya yi ƙarya don ya gan ni. Na ce bana bakinsa zai buɗe." Ta yi 'yar dariya wadda ba daɗi a cikinta. "Na zo da kayan kwana biyu a but ɗin mota, ka ji wauta."

Ya dubi bayan motar, ya dube ta. "Lorene, ni ban san kina asara ba. Da na sani—"

"Da ka sani da tuni ka hana ni zuwa. Shi ya sa ban gaya maka ba." Ta share gefen idonta da bayan safar hannu. "Kuɗina ne, Harlan. Na ga abin da nake so na saya da shi. Safiya ɗaya a shekara, ni na ga ta yi mini araha. Yau ka mayar mini da kuɗina kamar na sayi ruɓaɓɓen kaya."

Ya ce ba haka yake nufi ba. Ta ce ta sani, abin da ya fi ba ta haushi ke nan, bai taɓa nufin komai da sharri ba. Ta ce ranar da aka binne mahaifiyarta, da ya ce mata ta tattara kaya su tafi, ko takalmi ba za ta tsaya nema ba. Ya ce ya zaci ta fi jin daɗi a can. Ta ce bai tambaya ba. Suka tsaya haka, mutum biyu masu furfura a bakin titi, wata mota ta wuce ta watsa musu ruwan ƙanƙara a ƙafa, ba wanda ya matsa.

Lorene ta shiga ta tayar da mota, ta sauke gilashi.

"Ka ji abin da mutumin ya ce, shekara uku. Ni dai na gama tuƙo hanyar nan. Ba ta fi tsawo daga wajenka ba."

Ta ɗaga gilashin ta ja. Harlan ya tsaya yana kallon motar har ta kai fitilar kan kwana, ta tsaya, ta ba da sigina, ta karya kudu. Ya ci gaba da kallon wurin bayan ta ɓace, kamar kwanar za ta dawo masa da ita.

Sannan ya yi abin da Harlan kaɗai zai yi. Ya koma cikin falon, ya tarar da Curtis yana cin biskit a tsaye, ya ce masa ya buga masa takardar nan ta sake haɗawa, yanzu, zai kai mata har Marietta ta sa hannu. Curtis ya haɗiye biskit ɗin da ƙyar. Ya ce ai ba a yin haka yau. Sai takardun da aka tura sun shiga, an duba su, an kammala, abin da zai iya kaiwa bazara. Kuma, ya ƙara a hankali, in aka sake haɗawa, sai Misis Kuzma ta mayar da tallafin da aka ba ta. Harlan ya ce to ko wata takardar ce, kowace iri, wadda ake buƙatar hannunta a kai. Curtis ya duba allo, ya duba aljihun tebur, don Allah ya gani ya so ya taimaka. Ya ɗago ya ce babu. A wurin gwamnati dai, ba sauran abin da Mista Kuzma yake buƙata daga matarsa.

Harlan ya fito ya zauna a mota, hannuwansa a kan cinya. Bai taɓa zuwa wurin Lorene hannu wofi ba. Ko lokacin da yake neman ta, sai da ya fake da cewa ya zo gyara wa mahaifinta injin yankan ciyawa, injin da ya yi bazara guda yana gyarawa. Yanzu ba inji, ba takarda, ba wanda ya nace sai ya gan su. In ya ƙwanƙwasa ƙofar nan ta buɗe ta ce me ya kawo shi, ba abin da zai miƙa mata ya fake a bayansa. Mutumin da ke tuƙa ƙatuwar mota a kan ƙanƙara cikin guguwar da ba a ganin ko tafin hannu, ga shi zaune bai ko tayar da tasa ba. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, kuma yana son matarsa fiye da yadda yake jin tsoron.

Ya tayar da mota. Gidansa na nan bayan layi, ko da ƙafa ba nisa, man da ke ciki kuma zai kai shi aiki har mako ya zagayo. Ya shiga gidan man da ke kan kwana, yaron wurin ya leƙo ya tambaye shi na nawa za a zuba.

Harlan ya ce a cika.